Shirin Tafiya Ƙasar Duwatsu

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai ba kasafai ake lura da cewa ilimin nan yakan fara samuwa tun kafin a sa ƙafa a hanya ba, wato tun daga lokacin da mutum ya zauna yana tsara inda zai fara, da inda zai kwana, da kuma abin da zai haƙura da shi. Haka ta kasance ga wani malamin ƙaramar sakandare a birnin Kano, wanda ya shafe mako uku yana shirin tafiyar da ba za ta wuce yini uku ba.

Mafarin al'amarin wata tsohuwar kalanda ce da ke rataye a bangon ajinsa. A jikinta akwai hoton wani tafki shuɗi a tsakanin tsaunuka masu rawanin ƙanƙara. Wata rana yana koyar da darasin sifofin ƙasa, sai ya nuna hoton, ya bayyana wa ɗalibai cewa waɗannan su ne tsaunukan Alps na Turai, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, kuma mafi tsawo a cikinsu, wato Mont Blanc, ya haura mita 4,800. Ya ƙara da cewa tafkunan wurin ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurabensu a can zamanin da ya shuɗe, da ta narke sai ruwa ya cike su. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu a nan kusa ba mu da inda dutse da ruwa suka haɗu?" Ya amsa mata ba tare da wani tunani ba cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai ko a Jos ko Mambila.

Da daddare ya ba mahaifinsa labarin, yana ganin abin raha ne. Tsohon, wanda aka haifa a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, ya kuma baro shi tun yana saurayi, ya yi shiru na ɗan lokaci. Kasancewar malamin ɗan fari ne, bai taɓa ambatar sunansa ba. Can ya ce, "Malam, ka ba 'ya'yan mutane amsar da ba daidai ba. Ni da na haife ka a gindin dutse na yi kiwo." Daga nan ya faɗi abin da ya daɗe a ransa. Ƙafafunsa sun fara gazawa, yana ta fara rufe masa ido, kuma yana son ya sake ganin duwatsun nan tun yana iya bambance su da gajimare. Bugu da ƙari, ƙanwarsa da aka kai aure ƙasar Babura, wadda ita kaɗai ta rage masa a cikin 'yan ɗakinsu, rabonsa da ita an daɗe.

Washegari malamin ya ɗauko taswira. Abin da ya fara ba shi kunya shi ne kusancin wurin: daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne a kan hanyar Daura, ta Dambatta. Roni tana yamma da Kazaure, Gwiwa tana arewa maso yamma, dukansu a bakin iyakar Jihar Katsina. Babura ce ta yi nisa can gabas, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Da ya ƙara bincike sai ya gane dalilin da ya sa wannan kusurwa ta bambanta. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ta samo sunanta daga jigayi, wato tuddan rairayi, domin mafi yawan ƙasarta yashi ne da laka da suka kwanta a kwarin Tafkin Chadi. Amma a yankin Kazaure da Roni tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya fito fili, ya yi jerin tuddai da kwazazzabai. Irin wannan ƙasa ita ta fi dacewa da datse ruwa, tun da kwari ya riga ya yi rabin aikin. Saboda haka tafkunan yankin, irin su madatsar ruwa ta Ayuba da ke Kazaure, ba aikin ƙanƙara ba ne. Ruwan damina ne da hannun ɗan'adam ya tare. An ba irin wannan aiki ƙarfi a tsohuwar Jihar Kano tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, musamman da farin farkon shekarun 1970 ya nuna wa jama'a hatsarin dogaro da damina kaɗai.

Tarihin wurin ma ya ja hankalinsa. A wajen 1819 ne Ɗantunku ya taso daga Dambatta ya kafa masarautar Kazaure, wadda aka yanko ƙasarta daga Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya bunƙasa garin. A yau ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar masarautar, ita kuwa Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim.

Abu na farko da ya tsayar shi ne lokaci. Hutun watan Agusta bai dace ba, domin a lokacin ruwa ya fi ƙarfi, hanyoyin ƙauye kan yanke, kwazazzabai kan kawo. Hutun Disamba kuma hazon hunturu kan lulluɓe duwatsu, mai lafiyar ido ma da ƙyar yake hango su, ga sanyi da ba ya yi wa ƙirjin tsoho daɗi. Bazara kuwa zafi ne, ruwan madatsai ya ja baya. Sai ya zaɓi ƙarshen Oktoba: damina ta ɗauke, tafkuna na cike, ciyawa ba ta gama bushewa ba, an yi girbin gero, dawa tana tsaye a gona. Ya nemi izinin yini guda daga shugaban makaranta, ya haɗa da Asabar da Lahadi.

Abu na biyu shi ne guzuri. Ya ari tsohuwar motar wani amininsa, ya kai ta wurin bakanike aka duba birki da lagireto, aka yi juye, aka tabbatar da lafiyar tayar safaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane kilomita ya zama abin lissafi ga mai albashin koyarwa. Ya ware kuɗin mai, da na abinci, da na ko-ta-kwana. Mai ɗakinsa ta tuna masa da abin da ya manta. "Malam," in ji ta, "ba a shiga gidan dangi hannu rabbana." Aka ƙara goro da sabulu da sukari da turmin atamfa na gwaggo, sai lissafin ya ƙara matsewa.

Daga nan ya zana jadawali irin wanda ya saba zanawa a littafin shirin darasi, kowane abu da lokacinsa. Ranar Juma'a a isa Kazaure, a ga fada, a zaga bakin ruwa. Asabar da safe a hau dutse a Roni, a ɗauki hotuna, da azahar a wuce Gwiwa, minti arba'in a ƙauyen tsoho. Lahadi a leƙa Babura idan lokaci da mai sun ba da hali, a dawo Kano kafin magariba. Ya yi murna da tsarin nan ƙwarai, domin babu gurbin da ya bari fanko.

Ya karanta wa mahaifinsa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambaya, "Minti arba'in ɗin nan, a ciki ne za a gai da mai gari, a yi wa waɗanda suka yi rashi ta'aziyya, a je makwancin iyayena?" Malamin bai ce komai ba. Tsohon ya ci gaba, "To, ita kuma gwaggonka da ka ce sai idan lokaci ya ba da hali, dutse zai jira ka shekara ɗari. Ita fa?"

Wannan tambaya ta hana malamin barci. Ya lura cewa ya tsara tafiyar ne bisa abin da ya fi sauƙi a taswira, ba bisa abin da ya fi muhimmanci ba. Abin da za a iya maimaitawa a kowace shekara ya sa shi a gaba, abin da wataƙila ba zai sake samuwa ba ya tura shi ƙarshe, inda gajiya ko facin taya guda ya isa ya share shi. Ya kuma tuna sau nawa ya yi haka a aji: ya cika farkon darasi da shimfiɗa, har a kaɗa ƙararrawa bai kai ga ainihin abin da ya kamata yara su tafi da shi gida ba.

Ya je tashar mota ya sami wani dattijon direba da ya daɗe yana bin hanyoyin nan. Matambayi ba ya ɓata. Direban ya ba shi shawarwari uku. Ya cika tanki a manyan garuruwa, kada ya dogara da samun mai a ƙauye. Kada ya bari dare ya same shi a hanyar da bai sani ba, domin a lokacin kaka amalanken shanu da garken dabbobi kan cika hanya da almuru. Sa'an nan ya riƙa auna tafiya da lokutan salla maimakon agogo, tun da tsoho yana buƙatar sauka ya miƙe ƙafa, ya yi alwala a natse.

Sabon jadawalin da ya fito bai kai rabin na farko ba. Ranar Juma'a za su tashi bayan asuba su miƙe Babura ta Kunya, su yi sallar Juma'a a can, su kwana a gidan gwaggo. Asabar su yanko yamma zuwa Kazaure, su yi azahar, su wuce ƙasar Gwiwa, inda aka bar wa tsoho sauran yinin da daren gaba ɗaya, babu wanda zai dubi agogo. Lahadi da hantsi su biyo ta Roni, su tsaya a gindin dutse inda mota za ta iya kaiwa, daga nan su zauna a bakin ruwa a Kazaure kafin la'asar, su kamo hanyar gida da sauran rana. Hawan dutse ya fita daga tsarin, haka ma zagayen gari. Kuɗin masaukin da aka tsira da shi ya koma kuɗin mai. A ƙasan takardar malamin ya bar layi uku bai rubuta komai ba, domin abin da hanya za ta zo da shi.

Da ya sake karantawa, tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ka tsara tafiya. Allah ya yi maka albarka." Ya sa aka ciro masa babbar rigarsa ta salla daga adaka, aka shanya ta sha iska.

Ranar Alhamis, kafin ya fara darasi, malamin ya kira yarinyar nan ta miƙe. Ya gaya wa ajin cewa amsar da ya ba ta kwanakin baya kuskure ce, kuma wanda ya gyara masa bai taɓa zama a aji irin wannan ba. Ya zana hanyar Daura a allo, ya ɗiga Dambatta da Kazaure, ya sa Roni da Gwiwa a yamma, Babura a gabas. Ya ce musu duwatsun wurin ba su kai na kalanda tsawo ba, kuma babu ƙanƙara a kansu, amma a gindinsu akwai ruwa da gonaki da mutanen da ke jin harshensu. Ya yi alkawarin ranar Litinin zai kawo musu tsakuwa daga Roni da rairayi daga Babura, su taɓa da hannunsu su faɗi bambancin.

Da asubar Juma'a ya fito ya tarar da tsohon ya riga shi. Yana zaune a gaban mota cikin babbar riga, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa, ƙunshin goron gwaggo a kan cinyarsa.