Ranar da Rumbunmu Ya Ƙi Buɗuwa

Ni tsohon malamin yaƙi da jahilci ne a nan Agadas. Na aje aiki, amma ban aje alli ba. Kowane dare bayan sallar isha, mata da maza kamar ashirin suna taruwa a tsakar gidana muna karatu. Yau zan ba ku labarin wata wahala da ta same mu, da yadda muka fita daga cikinta.

A ɗakina akwai wata ƴar kwamfuta, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Sunanta Raspberry Pi. A Ingila aka ƙirƙiro irinta, ta fara fitowa a shekarar 2012. Ɗan ƙanwata ne ya kawo ta ya haɗa mini. Masana suna ce wa irin wannan na'ura uwar garke, don ita ke riƙe da kaya, sauran na'urori suna zuwa suna ɗiba. Mu dai a gida Rumbu muke ce mata.

A cikin Rumbu akwai littattafan koyon karatu da muka ɗauki hotonsu shafi shafi. Akwai Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci, waɗanda wata manhaja mai suna Kiwix take buɗewa ba tare da intanet ba. Akwai kuma abin da ya fi mini komai daraja, wato muryar marigayi mahaifina. A shekarar 1984 na ɗauke shi a kaset yana ba da labarin ayarin gishiri, yadda suke kai gero Fashi da Bilma su komo da kantu da dabino, da yadda suke yada zango kusa da itaciyar nan ta Tenere kafin mota ta kaɗe ta a 1973. Kaset ɗin ya daɗe da lalacewa. Muryar tana cikin Rumbu kaɗai. Wannan sakacina ne, ba na kowa ba.

Ga yadda abin yake aiki. Waya ɗaya ta fito daga Rumbu ta shiga akwatin wifi. Ɗalibi ya kama wifi da salularsa, ya rubuta wata lamba, sai littattafai su bayyana. Ba a sayen kati, ba a jiran rezo.

To, a daminar 2024 ruwa ya yi yawa a Agadas, har gidajen ƙasa suka rushe a tsohon gari. Namu bai rushe ba, alhamdu lillahi, amma rufin ɗaki ya yi yoyo daidai kan akwatin wifi. Ya mutu murus. Rumbu kuwa tana cikin alkuki, ruwa bai taɓa ta ba. Na je kasuwa na sayo sabon akwati, na soka waya yadda take a da. Salula ta kama wifi. Na rubuta lambar. Shiru. Na sake rubutawa. Shiru.

Ɗan ƙanwata ba ya nan. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu suke tafiya arewa, shi ma ya bi sahu. Samunsa a waya sai an yi sa'a.

Na ɗauki Rumbu na kai wa wani mai gyaran salula. Ya juya ta, ya hura, ya ce, "Baba, katin ajiyarta ne ya ruɗe. A wanke shi tas a sake zuba sabo." Na ce, "In an wanke, abin da ke ciki fa?" Ya ce, "Ai sai haƙuri." Na karɓi kayana na sa a aljihu. Ban ga laifinsa ba, abin da ya saba yi wa salula ke nan. Amma ai ba a rushe rumbu don ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Dare huɗu muna karatu da allo da fitila. Wata tsohuwa cikin ɗalibaina, wadda ta kai shafi na 30, ta ce, "Malam, in littafin nan ya tafi ke nan, ni ma na tafi." Da wasa ta faɗa, amma na san rabinsa gaskiya ne.

Ran Juma'a jikata ta zo. Tana karatu a Jami'ar Agadas. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Kaka, kada mu taɓa abu biyu a lokaci guda. Mu fara daga bango mu bi waya."

Muka fara da kuran. Rumbu volt 5 take ci, kuma tana da jar fitila. In wutar ta isa, fitilar tana tsayawa cak. In ta gaza, sai ta riƙa ƙyaftawa ko ta mutu. Tamu tana tsaye. Kusa da ita akwai koriya mai ƙyaftawa in na'urar tana karanta katinta. Ita ma tana yi. Jikata ta ce, "Ka gani? Katin lafiya lau." Nan hankalina ya fara kwanciya.

Sai waya. A cikin irin wannan waya akwai ƙananan zare 8, in ɗaya ya tsinke magana tana iya yankewa. Haƙorin kan tamu ya karye, tana sakwaf-sakwaf a rami, ga ƙura. Wanda ya san ƙurar Agadas ya san babu ramin da ba ta shiga. Na aiki yaro da jaka ɗaya ya sayo sabuwa. Da muka soka, ƙananan fitilun bakin ramin suka kama, a Rumbu da a akwati. Na ce shi ke nan, an gama. Na rubuta lambar. Shiru dai.

Na fara fushi. Jikata kuwa ta zauna a tabarma ta ce, "Kaka, me ya canja tsakanin ranar da take aiki da ranar da ta daina?" Na ce, "Akwati kawai." Ta ce, "To, can za mu duba. Ina lambar da kuke rubutawa?"

Na ɗauko littafin da kawunta ya rubuta mini da hannunsa: 192.168.1.10. Ta buɗe bayanin wifi a salulata ta nuna mini lambar da sabon akwati ya ba ta: 192.168.8.100. Ta ce in karanta su biyun da ƙarfi, kamar yadda nake sa ɗalibai. Na karanta. Gida na farko ɗaya, na biyu ɗaya. A gida na uku, wannan 1, wancan 8.

Bari in yi muku bayani yadda na gane shi, don a nan maganar take. Kowace na'ura a cikin gida tana da lamba mai gida huɗu. A irin haɗinmu, gida uku na farko sunan unguwa ne, na ƙarshe lambar ƙofa. Akwatin wifi shi ne mai unguwa. Duk baƙon da ya zo, shi yake ba shi ƙofa, shi ya sa salula ba ta shan wahala, abin da aka ba ta take karɓa. Rumbu kuwa an kafe mata lambarta, don kada ta riƙa canjawa ɗalibai su ruɗe. Tsohon akwati mai unguwar 1 ne. Sabon kuwa daga masana'anta ya zo da unguwar 8. Ke nan Rumbu tana zaune tana cewa ita ƴar Katanga ce, alhali duk gidan ya tashi ya koma Sabon Gari. Waya ɗaya ta haɗa su, fitilu suna ci, amma in salula ta nemi ƙofa ta 10 a unguwar 1, sai akwati ya ɗauka wani wuri ne can waje, ya tura saƙon hanyar da ba kowa.

Hanya biyu ce. Ko a canja lambar Rumbu, ko a canja unguwar akwati. Ta farko tana son a haɗa Rumbu da talabijin da allon rubutu, kuma sai kowane ɗalibi ya koyi sabuwar lamba. Mutanen da suka sha wuya kafin su haddace ta farko! Muka zaɓi ta biyu.

Jikata ta rubuta 192.168.8.1 a salula, shafin akwati ya buɗe. Kalmar sirrinsa tana manne a ƙarƙashinsa. Ta mai da 8 ta koma 1. Ta kuma duba ta tabbata ƙofofin da yake rabawa daga 100 suke farawa, don kada wata rana ya ba salular wani ƙofa ta 10, biyu su yi karo. Akwati ya mutu ya tashi. Muka sake kama wifi. Ta miƙo mini salula ta ce, "Kai za ka rubuta, Kaka."

Na rubuta a hankali, hannuna yana rawa. Sai ga littattafai sun jeru. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na gangara ƙasa na taɓa sunan mahaifina. Ya yi gyaran murya, kamar yadda ya yi a 1984, ya fara lissafa rijiyoyi.

Kafin jikata ta tafi, na sa ta kwafe muryar a kati biyu. Ɗaya yana cikin gwangwani a akwatin tufafina, ɗaya na aika wa ƙanena a Damagaram. A bangon littafin lambobi kuma na ƙara layi da jan biro: in an canja akwati, a duba gida na uku.

Da dare ɗalibai suka zo. Daga cikin gidana wifi ba ya ratsa katangar ƙasa sosai, don haka kowa ya matso kusa da ƙofar ɗaki. Tsohuwar nan ta nemo shafi na 30 da kanta, ta sa yatsa a kan layin farko ta ce, "Malam, a nan muka tsaya."