Makullin Windows na dubu huɗu da ya kusa zubar min da mutunci a Samaru

Gyaran waya ne sana'ata, amma yau maganar laftof zan yi muku, kuma kuskurena ne da kaina zan ba ku labari. Na san da yawanku kuna da 'yar tokumbo a gida, kuma da wayar hannunku kuke shiga intanet neman makullin Windows mai araha.

A Bomo nake zaune, teburina yana Samaru, yawancin kwastomomina ɗaliban ABU ne. A farkon 2024 wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta kawo min waya na canza mata gilashi. Da ta zo karɓa sai ta ciro laftof ɗinta ta ce, "Malam, don Allah duba min wannan rubutun da ke ƙasa, ya ƙi tafiya." Activate Windows ne a kusurwar dama. Ni da nake filashin waya da kwamfuta kullum, sai na ga ai wannan ba komai ba ne. Na ce ta dawo gobe.

Da dare na hau bincike. Windows 10 Pro ne a kan na'urar. Wani shafi ya sa makullin a dubu ashirin da wani abu, wani dubu goma, wani mutum kuma a WhatsApp ya ce in kawo dubu huɗu. Alhali Microsoft da kansa, lokacin da yake sayar da shi, kusan dala 200 ne Pro, Home kuma dala 139, kuma tun 31 ga Janairun 2023 ya daina sayar da Windows 10 a shafinsa. Da a ce na tsaya na tambayi kaina yadda kayan dala 200 ya koma dubu huɗu, da ban shiga ba. Riba na hango. Na tura kuɗin, ya turo min lamba mai harufa 25 da wasu layuka uku da zan kwafa in liƙa. Na yi, rubutun ya ɓace. Na caje ta dubu takwas, ta yi godiya har da turo min ƙawayenta.

Bayan wata bakwai sai ga ta, fuska a haɗe. Saƙo ya dinga fitowa cewa lasisin ya kusa ƙarewa, daga baya rubutun ya dawo, ga shi saura mako guda ta kare furojet ɗinta a gaban malamai, da wannan laftof ɗin za ta haska. Ta ce, "Malam, ba cewa ka yi na dindindin ne ba?" A gaban mutane ta faɗa. Na nemi mai sayarwar, lambarsa ba ta shiga. Wallahi ranar na ji kunya.

Washegari na ɗauki laftof ɗin na hau mota zuwa PZ a Sabon Gari, wajen wani babban yayanmu a harkar kwamfuta. Ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta slmgr /dli, wani ɗan akwati ya fito. Ya nuna min inda aka rubuta VOLUME_KMSCLIENT, ya ce, "Ƙanena, kai ba lasisi ka saya ba, aro aka ba ka." A nan ya warware min abin da nake so kai ma ka riƙe.

Lasisin Windows kala uku ne a taƙaice. Akwai Retail, wanda mutum ke saya don kansa. Shi ne mai tsada, kuma kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka mayar kan sabuwa. Akwai OEM, wanda kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo ke sakawa tun daga masana'anta. Wannan da na'urar yake rayuwa, da ita yake mutuwa. Sai Volume, wanda ake sayar wa ma'aikatu da makarantu a dunƙule don kwamfutocinsu kaɗai, ba a yarda a yanka shi ana sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba. Yawancin masu arahar nan daga nan suke fitowa. Wani lamba ɗaya ce ake sayar wa mutane da yawa har adadinta ya cika ko a toshe ta. Tana iya yi maka aiki yau, ranar da ka sake sanya Windows ta ƙi. Wani kuma irin nawa ne, KMS: kwana 180 yake yi, sai kwamfutar ta riƙa tuntuɓar wata uwar na'ura tana sabuntawa. Layukan da na liƙa ashe haɗa laftof ɗin yarinyar na yi da na'urar wani da ban san ko waye ba. Da aka rufe ta, kwanakin suka ƙare, rubutu ya dawo.

Abin da ya fi ƙona min rai yana gaba. Ya buɗe Command Prompt ya rubuta:

wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey

Sai ga lamba ta fito. Ashe laftof ɗin da lasisinta na asali ta zo, Windows 10 Home, a binne cikin allonta. Tun daga zamanin Windows 8 aka daina liƙa lambar a takarda ƙarƙashin na'ura kamar yadda ake yi a Windows 7, a cikin BIOS ake ajiye ta. Wanda ya yi mata saitin farko ne ya ɗora Pro a kan na'urar Home, shi ya sa ta ƙi karɓa. Muka kwashe fayilolinta a filas, muka sanya Home, muna haɗa ta da intanet ta kunna kanta, ko kobo ba a biya ba. Na mayar wa yarinyar dubu takwas ɗinta, kuɗin mota da na aikin yayan namu duk daga aljihuna. Araha ba ta ado.

To ɗan'uwa, kafin ka tura wa kowa kuɗi, fara da wannan binciken. Idan lamba ta fito, ka nemi a sa maka irin Windows ɗin da na'urar ta zo da shi. Idan wani ya riga ya yi maka, rubuta slmgr /xpr. In ka ga ranar ƙarewa, aro ne. Kuma kada rubutun kusurwa ya firgita ka. Windows 10 da ba a kunna ba ba ya goge fayil, yana aiki, abin da yake hana ka shi ne canza hoton fuska da launuka. Zama da rubutun ya fi maka alheri a kan ka sauke manhajar da za a ce sai ka kashe antibairos kafin ta yi aiki. Tuna cewa a wannan kwamfutar kake buɗe WhatsApp da imel, a nan burauza ke ajiye kalmomin sirrinka, ita kake jona wa wayarka. Duk wanda ka buɗe wa wannan ƙofar, ba Windows kaɗai ya taɓa ba.

Sai maganar tsufa. Har gobe ana tallan makullin Windows 7, wasu har suna cewa ka saya ka hau 10 da shi kyauta. An rufe wannan hanyar tun Satumbar 2023. Windows 7 kuma an daina ba shi gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, 8.1 tun 10 ga Janairun 2023, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya musu. Shi kansa Windows 10 wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na ESU. Ko da lasisin na gaske ne, gida ne ka saya wanda maginin ya ce ya daina zuwa toshe ɓaraka. Ni ma ina da tsohuwar laftof mai Windows 7 a shago, don wasu tsofaffin direbobin filashin sun fi zama a kanta, amma ba na shiga banki ko imel da ita.

Idan na'urarka za ta ɗauki Windows 11, wato tana da TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa, kuma Windows 10 ɗinka na gaske ne, hawa kyauta ne. Idan ba za ta ɗauka ba, kuma aikinka rubutu ne da intanet, Linux Mint kyauta yake, babu makulli babu ɓoye-ɓoye.

Yarinyar ta kare furojet ɗinta lafiya, amma ba ta sake kawo min ko caja ba, kuma ban ga laifinta ba. Yanzu duk wanda ya ajiye min laftof a tebur, kafin mu yi maganar kuɗi sai na rubuta layin nan na ga abin da ke cikin allon tukuna.