Gaya: kwana uku tsakanin hazo da hadari

Mutumin Yamai idan zai tafi Gaya a ƙarshen watan Afrilu, zafi kaɗai yake yi wa shiri. Yakan ɗauki gorar ruwa da riga marar nauyi, ba ya ko tuna rigar ruwa, balle bargo. Ni ma haka na yi a bazarar 2024, da na je gaida wani tsohon abokin aikina, malamin gona mai ritaya, wanda ya koma garinsu da zama. A cikin kwana uku na sha ƙura, na yi gumi har riga ta manne mini a baya, ruwa ya yi mini duka, na tsinci ƙanƙara da hannuna, kuma a daren ƙarshe sai da na roƙi mayafi.

Daga Yamai zuwa Gaya wajen kilomita 300 ne, kuma kusan rabin tafiyar daga Doso take farawa, inda hanya ke karyawa kudu. A wannan rabin ne ƙasa ke sake kama a gaban idon matafiyi. Sabara da geza suna ja da baya, itatuwa suna ƙara tsawo suna matsowa kusa da juna, sai ga kaɗanya, sai ga ɗorawa, sai ga mangwaro ya yi nauyi da ƴaƴa a bakin ƙauyuka. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Gaya ita ce kusurwar Nijar da ta fi kowace samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara, alhali Yamai ba ta cika kai 600 ba. A nan damana take fara shigowa ƙasarmu, a nan kuma take yin bankwana da ita. Amma fa shigowar tata ba ta baƙon kirki ba ce, wanda zai yi sallama sau ɗaya ya zauna. Takan leƙo, ta koma, ta sake leƙowa.

Ranar da na sauka, hazo na tarar. Iskar arewa maso gabas, wadda kowa ya ɗauka ta tafi tun watan Fabrairu, ta dawo da ƙurarta; rana ta zama kamar faifan azurfa, mutum yana iya kallonta ba ƙyaftawa. Daga kan tudun da ke bayan gari ba a ganin gaɓar Benin, sai wani farin labule inda ya kamata a ga Malanbil. Leɓɓa suna tsagewa. Mai masaukina ya dubi sama ya ce: "Wanga ba ya kwana biyu, Malam. Ka jira gobe ka gani."

Da asuba kuwa na gani. Iska ta juya, tana busowa daga kudu maso yamma, mai laushi da nauyi, tana ɗauke da wani ƙamshi kamar na tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Gishirin da ke cikin kwano ya yi danshi. Ƙofar katako da jiya take rufuwa salin alin, yau sai an sa kafaɗa.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a bisa kansa, domin shi ne tushen dukan labarin. Iskoki biyu ne ke takara a Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce, daga Sahara take fitowa, ita ce hunturunmu. Ɗayar daga tekun Gine take tasowa, ta ratso Kwatano da Paraku da Kandi, cike da tururin ruwa. Inda suka yi karo akwai iyaka, wadda ma'aikatan meteyo suke bi kullum a taswira. A watan Janairu iyakar nan tana can kusa da bakin teku. A watan Agusta takan haura har ta wuce Agadas. To, a Afrilu kuwa, a daidai kan Gaya da maƙwabtanta take kai da kawowa, yau ta wuce arewa da gari, jibi ta koma kudu. Wanda ke zaune a ƙarƙashinta sai ya ga hunturu da damana suna karɓa-karɓa a cikin mako guda. Ƙari a kan haka, wajen 21 ga Afrilu rana takan tsaya cak a tsakar kan Gaya da tsakar rana, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Ƙasa ta yi zafi ya wuce digiri 40, ga danshi ya iso: an haɗa wuta da tukunya ke nan.

Da hantsi muka gangara bakin kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara. Ruwa ya ja da baya ƙwarai. Ambaliyar da ke zuwa daga duwatsun Gine ta ratso Mali, wadda ke cika kogin a tsakiyar ɗari, ta riga ta wuce, kuma ta damana ba ta zo ba tukuna. Tsibiran rairayi sun fito fili, shanun Fulani suna kiwo inda jirage ke wucewa wata uku baya. Tun kafin samun ƴancin kai a 1960 aka ɗora gada tsakanin Gaya da Malanbil, kuma shekara da shekaru ta nan ne yawancin kayan da Nijar ke saya ta tashar Kwatano suke shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe ta. Lokacin da na je, babu kamyo ko ɗaya a kanta. Ciniki dai bai mutu ba, ya sauko ƙasa ne kawai, ya shiga kwalekwale. A bakin ruwa ana jin Dendanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a lokaci guda. Ƴan dako suna ta kai da kawowa, ga buhuna, ga jarkoki, ga babur an ɗora shi cikin jirgi kamar rago.

A nan ne na fahimci cewa sauyin iska a Gaya magana ce ta kuɗi. Kayan da ke cikin kamyo yana da rufi da tampol ɗaure da igiya. Kayan da aka jibge a kan rairayi yana jiran jirgi ba shi da komi sai sararin Allah. Na zauna kusa da wani ɗan kasuwa daga wajen Galmi, mai buhunan albasa masu yawa, sabuwar cira. Na tambaye shi ko ba ya tsoron sama. Ya yi dariya ya ce: "Haba Malam, ruwa a wanga wata? Mu can gida sai Yuni." Wani tsohon Basarke da ke gyaran taru a gefe bai ɗaga kai ba, ya ce: "Alhaji, nan ba can ba ne. In kana da tampol, ka nemo shi tun da sauran rana." Alhaji ya ce tampol haya ne, kuma jirginsa na nan tafe.

Bayan la'asar gabas ta fara haɗuwa. Mai karatu ya lura: danshi daga yamma yake zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, domin iskar da ke can sama ita ke tura shi yamma. Mutanen Gaya wajen Kamba suke duba, ta ɓangaren jihar Kabi, in suna son sanin abin da dare zai kawo. Da farko wani farin gajimare ne ya yi tsiri kamar hasumiya. Kafin a kira magariba gindinsa ya yi baƙi ƙirin, kuma a ƙarƙashinsa ga wani jan bango yana tafowa, daga ƙasa har sama. Iskar kudu ta ɗauke ɗif. Tsuntsaye suka yi tsit. Masu jirage, ba wanda ya ba su umurni, suka fara jawo kwalekwale gaɓa. Wanda ke tsakiyar ruwa da fasinja ya buɗe wa injinsa wuta. Sun san abin da ɗan birni bai sani ba, wato ba ruwan sama ke kifar da jirgi ba, iskar da ke gabansa ce.

Ta iso kamar an buɗe ƙofa. Sanyi ne ya fara dukanmu, sa'an nan ƙura, har ban iya ganin mutumin da ke taku biyar daga gare ni. Kwanon rufin wata rumfa ya tashi ya wuce ta bisa kanmu yana kuka. Mangwaro ɗanye da nunanne suka riƙa zuba, yara suna bi da gudu, uwaye suna ƙwala musu kira. Muka fake a wani shago. Sai ɗigo na farko, manya-manya, kowane da laka a cikinsa, sai tsawa, sai kuma wata ƙara a kan kwano wadda ba ta ruwa ba ce, kamar ana watsa tsakuwa. Ƙanƙara ce, ƙanana, ba su fi ƙwayar gujiya ba. Ba ta yi minti uku ba. Na miƙa hannu na tsinci guda, kafin in nuna wa mai masaukina ta zama ruwa.

Abin mamaki ne a ce ƙanƙara ta faɗo a garin da ɗazu ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi, amma zafin ne ya haife ta. Shi ke cilla iska mai danshi sama da ƙarfi, har gajimare ya kai tsawon kilomita 12 ko fiye, alhali daga wajen kilomita 5 ruwa ya fara daskarewa. Mai masaukina, wanda ya yi wani kwas a Faransa yana saurayi, ya ce wannan ta tuna masa da watan Maris na can: rana ta fito, kafin ka kai bakin titi iska ta taso, ruwa ya sauko gauraye da dusar ƙanƙara mai narkewa a kan kafaɗa, bayan minti goma rana ta sake fitowa. Ya ce: "Su can sanyi ne ke jayayya da ɗumi. Mu nan fari ne ke jayayya da danshi. Amma manominsu ma yakan ruɗu: itace ya yi fure, sanyi ya dawo ya ƙone shi."

Ruwan bai kai awa guda ba. Masu Faransanci suna kiran irinsa ruwan mangwaro. Daren nan zafi ya faɗi warwas, kwaɗi suka fito daga inda ba wanda ya sani, ni kuwa na nemi mayafi.

Da safe gari ya rabu biyu. A ƙofar masallaci, bayan salla, magana ɗaya ake yi: a yi shuka ko a dakata? Mai masaukina yana da ma'aunin ruwa a tsakar gidansa, al'adar aiki da ba ta bar shi ba. Ya ce abin da ya sauka bai kai milimita 20 ba. Maƙwabcinsa, dattijo mai gona a kan tudu da wata a fadama, ya ce shi bai san milimita ba, ya tona ƙasa da hannu ya ga danshi ya kai tsawon tafi, kuma shamuwa ta riga ta sauka a kan tsamiyar unguwa. Ya ƙara da cewa mai shukar fari shi ke cin tumu tun maƙwabta suna sayen hatsi da tsada, kuma ƙasar da ta sha zafin rani tana da wani ƙarfi a ruwan farko wanda ba ta sake samunsa. A wannan, malamin gona bai musa masa ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A 1988 wani masani ɗan Indiya mai suna Sivakumar, da ke aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya tsara ƙa'idar gane farkon damana: daga 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana 30 da ke biye kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa. Ƙa'ida ce mai kyau, ma'aikata suna aiki da ita. Sai dai rabinta na biyu ba ya tabbata sai wata guda ya wuce, manomi kuwa yau da safe zai yanke shawara, tun ƙasa ba ta bushe ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai takan tara masana kowace shekara a daidai wannan lokaci su faɗi yadda suke hangen damana, ko za ta zo da wuri ko a makare, kuma hasashen yana da amfani ga mai tsara aikin jaha. Amma ba ya gaya wa mutum ko gonarsa ta tudu za ta samu ruwa ranar Talata. A ganina, ma'aikacin da ke zaune a ofis yana cewa manoma suna gaggawar shuka don jahilci bai taɓa auna abin da ke cikin rumbu a watan Afrilu ba. Caca ce wadda aka san farashinta: in ta faɗi, an yi asarar iri da kwanakin aiki, in ta ci, an rage wata guda na yunwa.

Kafin in kama hanya na sake leƙawa bakin kogi. Sama ta wanke tas, ana ganin rufin gidajen Malanbil ɗaya-ɗaya, da giginyu tsaye a gaɓa kamar an zana su. Alhajin Galmi yana nan. Jirginsa bai zo ba jiya. Ya sa yara sun farke buhuna sun baza albasa a kan rairayi tana shan iska, shi kuma yana bi yana ware wadda ta fara laushi. Albasar da ruwa ya shiga wuyanta ba ta kai Kwatano, kowa ya san haka. Dillalai sun riga sun kewaye shi suna taya ta da rabin kuɗi. Tsohon Basarken yana gefe da tarunsa, bai ce uffan ba.

A kan hanyar komawa na ga mutane jefi-jefi a gonaki, namiji a gaba da sungumi yana sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba mu yi tafiyar awa guda ba sai danshi ya ƙare kamar an ja layi: nan kududdufi a gefen kwalta, can gaba kaɗan ƙura tana tashi a bayan amalanke. A Doso ba wanda ya ji ko ɗigo, har wani a tasha ya tambaye ni inda na samo laka a takalmi.

Bayan mako uku mai masaukina ya kira ni. Ya ce sun yi kwana goma sha biyu ba ruwa, har hazo ya sake leƙowa sau ɗaya. Geron maƙwabcinsa na kan tudu ya tsiro ya ƙone, sai an sake shuka. Na fadama ya tsaya, ya kai tsawon taƙi.