Ranar da Na Kai wa Kawu Faifan Tsufan Robert Plant

A ɗakin Kawu, can ƙarƙashin gado, akwai wata adaka ta ƙarfe wadda duk yaran gidan suka san ba a taɓa ta. Muna ƙanana mun ɗauka kuɗi ne a ciki, ko kuwa takardun gona. Sai da na shiga sakandare sa'an nan ya buɗe ta a gabana, na ga ashe fayafayan garmaho ne wajen guda talatin, kowanne cikin rigarsa ta kwali, an jera su kamar littattafan malam. Shida daga cikinsu na wata ƙungiyar makaɗan Ingila ne mai suna Led Zeppelin, kuma su ne ba ya yarda kowa ya riƙe sai ya wanke hannu.

Mai karatu wanda bai san su ba, bari in ɗan gabatar masa da su. Samari huɗu ne suka haɗu a 1968 suna kiɗan da Turawa ke kira rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ganguna da ƙara mai girgiza bango. Jimmy Page ne gwanin jita, John Paul Jones na riƙe da jita mai kaurin murya, John Bonham na dukan ganguna, mai waƙa kuwa shi ne Robert Plant, wani dogo mai gashi har kafaɗa, wanda in ya ɗaga murya sai ka ce an taka wutsiyar damisa. Kawu ya je karatun injiniya a Bamingham a 1973, kusa da inda aka haifi shi Plant ɗin. A watan Mayu na 1975 ƙungiyar ta yi wasa dare biyar a wani babban zaure na Landan da ake kira Earls Court, Kawu ya ƙuntata wa cikinsa ya tara kuɗin tikiti da na jirgin ƙasa, ya halarci dare ɗaya. Wannan labari na ji shi ya fi sau hamsin. Kullum in ya zo wurin da Plant ya fito gaban dandamali sai ya yi shiru, ya kaɗa kai, ya ce, "Ɗan nan, ba ka ga mutum ba."

A Satumban 1980 Bonham ya mutu, sauran ukun suka ce ba za su ci gaba ba tare da shi ba, ƙungiya ta watse. A nan ne Kawu ya daina bin labarinsu. A wurinsa Robert Plant yana nan yadda ya bar shi a Earls Court, ɗan shekara 26, ƙirji a buɗe.

To, a dogon hutun 2023 na je gida da abin da nake tsammanin tsaraba ce. Na ci karo da wani faifai da Plant ya fitar a Satumban 2014, yana ɗan shekara 66, mai suna Lullaby and... The Ceaseless Roar. Na saurare shi a ɗakin kwananmu na ɗalibai har abokan zamana suka gaji da ni. Na sa shi a waya, na ari ƙaramar lasifika, bayan la'asar na sami Kawu a zaure na ce na zo masa da sabon aikin mutuminsa. Ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Waƙar farko, Little Maggie, tsohuwar waƙar mutanen duwatsun gabashin Amurka ce da Plant ya sake wa riga. Ba ta yi nisa ba sai wata tsirkiya ta shigo tana kuka, siririya, mai karkarwa. Kawu ya ɗago kai.

"Kai, wace tasha ka kamo?"

Na ce, "Kawu, shi ne. Robert Plant ne."

"Wannan ai kukuma ce."

Bai yi kuskure sosai ba. Mai wannan tsirkiya Juldeh Camara ne, Bafillacen Gambiya, abin da yake gogawa kuma a ƙasarsu ana ce masa riti: ƙoƙo ne da fata da tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan gogenmu da kukumarmu na jini. Har waƙa ya yi da Fillanci a cikin faifan. Ni abin da ya ɗauke ni ke nan tun farko, kuma na zaci shi zai ɗauki Kawu. Ya daure ya ji waƙa uku. Muryar Plant ta sauko ƙasa, ta yi taushi, wani wuri ma kamar raɗa yake yi. Sai Kawu ya mayar da hularsa ya ce in kashe.

"Na bar goge a garinmu," in ji shi, "na haye teku na je na ji abin da babu irinsa a nan. Yanzu kuma mutumin ya tsufa ya rasa abin da zai kawo mini sai goge? In kukuma nake so ai da Garba Supa zan nema, ya fi shi iyawa. Ina muryar? Wannan ba shi ba ne."

Ya kamata mai karatu ya sani cewa Kawu ba shi kaɗai ba ne a wannan ra'ayi, ko da yake shi bai san yana da jama'a ba. Masu ƙaunar Plant sun daɗe da rabuwa gida biyu, kuma rabuwar ta fito fili ne a Disambar 2007. A ranar 10 ga watan, mutum ukun da suka rage suka taru suka yi wasa dare ɗaya tak a zauren O2 na Landan, don tunawa da Ahmet Ertegun, mutumin da kamfaninsa ya buga fayafayansu, ɗan Bonham mai suna Jason ya zauna a kan gangunan ubansa. Zauren ba ya ɗaukar fiye da mutum dubu 20, amma buƙatun tikiti da aka aika ta intanet sun kai miliyan 20. Wasa ya yi kyau, kowa ya sa rai za su zaga duniya. Page da Jones sun so. Plant ya ƙi. Ya tafi ya ci gaba da yawon waƙa da Alison Krauss, wata mawaƙiyar karkarar Amurka wadda suka yi faifan Raising Sand tare, faifan da ya ci kyautar Grammy biyar a 2009. Wannan nasara ba ta sanyaya zuciyar masu jiran Led Zeppelin ba. A ganinsu mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa ya hana miliyoyi shiga.

Shekarar 2014 kuwa sai abin ya zama kamar da gangan. A daidai lokacin da Plant ya fito da faifansa mai riti, Page yana sake fitar da tsofaffin fayafayan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, an wanke sautinsu an ƙara musu abin da ba a taɓa ji ba. Wato a kanti ɗaya mai saye na iya ganin saurayin 1971 da dattijon 2014 suna kallon juna. A Nuwamba wata jaridar Ingila ta buga cewa attajirin nan Richard Branson ya yi wa ƙungiyar tayin fam miliyan 500 don su sake haɗuwa, wai Plant ya yaga takardar. Branson ya ƙaryata, ɓangaren Plant ma ya ƙaryata, amma labarin ya riga ya zaga duniya, domin ya dace da abin da kowane ɓangare ke son ji: masu fushi suka ce kun ga taurin kansa, masu yabo suka ce kun ga wanda kuɗi ba ya saye. Shi faifan bai faɗi ba, ya kai mataki na biyu a jerin cinikin Ingila, masu sharhi da yawa sun yaba masa. Sai dai ko a wurin wasanninsa na wannan lokaci, in ya taɓo tsohuwar waƙar Led Zeppelin sai ya lanƙwasa ta, ya sa riti a inda ake jiran jita, ya bar mai son jin ta yadda take a faifai da rabin ƙoshi.

Washegari na koma wa Kawu da hujjoji, irin na ɗalibin da ya kwana yana shiri. Na ce masa wannan hanya ba da tsufa Plant ya fara ta ba. Waƙar Kashmir da ke cikin faifan 1975, wadda shi Kawu ya fi so, a hamadar kudancin Maroko tunaninta ya zo wa Plant yana cikin mota a 1973. A 1994 shi da Page sun je Marrakesh sun yi kiɗa da makaɗan Gnawa. A Janairun 2003 ya je bikin kiɗan hamada a Essakane, bayan Tumbutu, inda Ali Farka Touré da Buzayen Tinariwen suka yi wasa. Mai jitarsa a faifan 2014, Justin Adams, ya yi aikin haɗa fayafayan Tinariwen ɗin. Na ce, "Kawu, tun kana Bamingham mutumin nan yake tahowa wajenmu, kai ne ba ka lura ba." Na ƙara da cewa ko a daren O2 sai da aka sauke wasu waƙoƙin ƙasa don muryarsa ta kai. Wane mai shekara 66 ne zai yi ihun ɗan shekara 26 bai zama abin dariya ba?

Ya bar ni na gama. Sa'an nan ya ce, "To sunan wa aka rubuta a bangon faifan da manyan baƙaƙe? Na Bafillacen ko na Baturen?"

Na yi shiru, domin a nan ya kama ni. Lalle an ambaci Camara cikin makaɗa, kuma ya zaga ƙasashe da Plant, amma mutum nawa ne a cikin masu yabon faifan suka je suka nemi aikinsa na kansa? Ni ma da nake ta zumuɗi, sai da Bature ya ɗauki tsirkiya ɗaya ya kai Landan sa'an nan na tsaya na saurare ta da kunnen girmamawa. Goge na nan a bayan tashar garinmu tun ina yaro, ban taɓa aron lasifika dominsa ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, faifan ba duka ne ya yi ba. Akwai waƙoƙi biyu ko uku a tsakiyarsa da ke tafiya kamar rakumin da ya ƙoshi, ni kaina nakan tsallake su.

Abin da ban sani ba, mahaifiyata ce ta gaya mini da dare, da ta ji ina ƙorafin ɗan'uwanta ya yi mini rowar yabo. Ta ce lokacin da Kawu yake ɗan shekara goma sha huɗu ya taɓa sulalewa da dare ya je bariki kallon masu goge. Labari ya kai kunnen kakanmu, wanda malami ne mai almajirai, ya yi masa dukan da sai da ya kwana uku bai fita ba, ya kuma ce a gaban jama'a ɗansa ba zai zama ɗan goge ba. Ta ce tun daga ranar ko a rediyo aka sa goge sai Kawu ya tashi. Da ya je Ingila ya sami kiɗan da ya fi goge hauka nesa ba kusa ba, amma babu wanda zai kira shi ɗan iska saboda shi, domin kiɗan Turawa ne, kiɗan 'yan boko. Ashe abin da na kai masa a zaure, tsirkiyar da aka dake shi a kanta ce ta biyo shi ta bakin mutumin da ya ɓuya a wurinsa shekara hamsin. Ni kuwa na je ina murna, har da niyyar in ci shi da gardama.

Tun daga nan na rage yi wa masu fushin 2014 dariya. Da ina ganinsu tsofaffi ne masu son a riƙa maimaita musu abu ɗaya. Yanzu ina tsammanin kowannensu akwai abin da ya ba wannan murya ajiya, wani ƙuruciyarsa, wani matarsa da ta rasu, wani darensa guda a Landan, ya dawo karɓa ya tarar mai ajiyar ya yi furfura ya canza sana'a. Ba na ganin Plant ya ci amanar kowa, domin bai san an ba shi ajiya ba, kuma shi ma yana da nasa matattun: ɗansa Karac ya rasu yana ɗan shekara biyar a 1977 lokacin uban na yawon wasa a Amurka, Bonham kuma abokinsa ne tun kafin a san sunansu. Wanda ya binne waɗannan, in ya ce ba ya son komawa ya tsaya inda ya tsaya a da, ni ban ga bakin da zan ce masa dole ba.

Ana gobe zan koma makaranta na shiga yi wa Kawu sallama, na ce don in wanke laifina bari mu ji na da. Sai a nan na gane allurar garmahonsa ta karye tun ban shiga firamare ba, kuma bai sami wata ba. Fayafayan nan shida da ake wanke hannu kafin a taɓa, ya fi shekara ashirin bai ji sautinsu ba. Na nemo Whole Lotta Love ta 1969 a waya na ƙure lasifika. Jitar Page ta faso ɗakin, fuskar Kawu ta washe, yatsunsa na dukan gwiwa. Da Plant ya kai wurin ihun nan nasa, sai na ga Kawu ya ɗan runtse ido.

"Rage, rage," ya ce. "Haka take da ƙara dama?"

Na rage. Muka ji ta har ƙarshe. Na tashi zan fita, ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya dube ni ba.

"Sa mini wancan na kukumar a nan. Ina so in sake tabbatarwa ba shi da daɗi."

Na sa masa, na nuna masa inda zai danna. Da asuba ina ɗaure jakata a bayan babur, ƙanwata ta ce mini jiya har wajen sha biyun dare tana jin tsirkiya na kuka ƙasa-ƙasa daga ɗakin Kawu.