Ɗigon Baƙin Mai a Gindin Darbejiya

Ya ku 'yan makaranta, yau ba lissafi za mu ɗauka ba, labarin wata tsohuwar mota za mu ba ku, wadda ta kusa kunyata mu a gaban mahaifiyarmu.

Motar nan Peugeot 504 ce, wadda jama'a ke ce wa Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, sa'an nan daga 1975 aka shiga harhaɗa ta a Kaduna. Tamu gado ce, marigayi mahaifinmu ya bar mana, ta kuwa girme mu. Kullum a gindin darbejiyar ƙofar gida ta ke kwana. Wata safiya muka ga wani baƙin tabo a ƙasa, bai fi faɗin kwabo ba. Muka ce tsufa ne. Tabo ya yi ta faɗi har ya kai faifai, mu kuwa sai ƙara mai mu ke yi, muna cika tulu mai huji.

Bari mu bayyana muku inda ciwon ya ke. A saman inji akwai wani murfin ƙarfe, a ƙarƙashinsa bawuloli ke buɗewa suna rufewa, baƙin mai na ta fantsama a kansu don kada su ci juna. Tsakanin murfin da kan inji an shimfiɗa wani siririn abu da kanikawa ke kira gasket, shi ke hana mai fita. Na dā yawanci da ɓawon wata itaciya a ke yinsa, wadda ta yawaita a Fotugal da Sifen, irin abin da a ke toshe kwalba da shi. Kun tuna mun koya muku ƙarfe na buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi? To, shekara da shekaru murfin nan na matsa gasket yana saki, zafi na gasa shi, har ya bushe ya tsage kamar tsohuwar fata.

Da muka gane haka, sai ilmi ya ruɗe mu. Muka ari sifana, muka ɗaure notunan murfin iyakar ƙarfinmu, muna cewa abin da ke yoyo ai matsi ya ke so. Kwana uku bayan wannan muka ɗauki mahaifiyarmu za mu kai ta asibiti ganin likitan ido. Ba mu yi nisa ba sai wari ya cika mota, hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet. Ashe mai ne ke zuba a kan bakin salansa, wanda ya yi zafi ƙwarai. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Mahaifinku bai taɓa tsayar da ni a hanya ba." Da ta zage mu, da ya fi mana sauƙi. A motar haya ta ƙarasa.

Aka nuna mana wani dattijon bakanike. Muka ce, "Baba, a taimaka a gyara yanzu." Ya taɓa injin da bayan hannu ya ce, "Malam, zauna tukuna. Ba a taɓa ta sai ta huce."

Da ta huce, ya sa muka ɗaura wa wayoyin fulogi alama, 1 zuwa 4, don kada su rikice wajen mayarwa. Ya kwance notuna. Murfi ya ƙi tashi, muka miƙa masa sukuddireba ya ɓamɓare, ya ƙi karɓa, ya ce ita ke ƙarzar kan inji ta bar tabon da ba ya warkewa. Da ɗan katako ya bubbuga shi har ya saki.

Nan ya tona mana asiri. Ya wanke murfin da kananzir, ya kifa shi bisa wani gilashi mai shafe, ya ce mu sunkuya mu duba. Sai ga haske na ratsowa ta ƙarƙashi. Ƙarfin da muka sa ya lanƙwasa murfin, ya kuma murƙushe tsohon gasket ya yi gutsi-gutsi. Ya zauna da ƙaramar guduma yana daidaita bakin murfin, mu kuma ya ba mu aikin kankare ragowar gasket, bayan ya rufe bawuloli da tsumma mai tsabta. Ya ce ɓarɓashi ɗaya in ya faɗa ciki yana iya toshe hanyar mai. Injin nan lita 4 ko kusa da haka ya ke sha, in kuwa mai ya yanke masa, ƙarafa su cije, sai a sauke shi ɗungum, kuɗin kuwa ya fi albashin malami na wata da watanni.

Abu biyu ya ƙara waɗanda ba mu sani ba. A irin wannan inji fulogi cikin rijiyoyi su ke, kowace da zoben roba, sai an sake su tare da gasket, in ba haka ba mai ya taru a kan fulogi mota ta riƙa tari. Sa'an nan ya busa tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, ya same shi a toshe. Iska in ta rasa mafita a ciki, ita ke tura mai waje, ko da gasket sabo ne.

Wajen ɗauri ya ba mu sifana a hannu. Kowane noti kaɗan kaɗan, a bar wannan a koma wancan, a sake zagayowa. Da muka fara yunƙuri sai ya riƙe mana hannu ya ce, "Ya isa, Malam. Bayan mako guda ka dawo, in gasket ya zauna mu ƙara masa kaɗan."

Daren nan muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota. Da asuba, kafin mu wuce masallaci, muka jawo shi muka haska fitila. Ba ko ɗigo. Muka kai wa tsohuwa ta shafa da hannunta, ta ce ranar Laraba likita ya ce ta koma.