Yini guda a Ladipo: Abin da bakanike ya nuna mini a ƙarƙashin mota

Duk mazaunin Legas ya san sunan Ladipo, ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Kasuwar kayan gyaran mota ce a yankin Mushin, dab da babbar hanyar Oshodi zuwa Apapa. Na daɗe a Agege, amma ban shige ta ba sai da na tashi sayen mota tokunbo, wadda a gida muke kira Beljiyam.

Motar ta shiga raina tun ganin farko: fenti na ƙyalli, kujeru tsaf, ga sanyin AC. Niyyata in ɗebi iyali mu je Kano Babbar Sallah, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Uwargida ce ta taka mini birki tun kafin in taka na motar. Ta ce, "Abban yara, ni da 'ya'yana ba za mu shiga ba sai bakanike ya duba." Mai motar ya yarda a duba kafin in cika kuɗi, ya haɗa ni da yaronsa.

Tun daga bakin kasuwar 'yan kamasho ke tare mota, kowa na tambayar abin da kake nema. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Ga injuna jere a ƙasa kamar tulin doya, ga motocin da aka yanka gida biyu an jingina gabansu da bango, ga masu baro suna neman hanya. Yawancin masu shaguna 'yan ƙabilar Ibo ne, amma ba ka rasa jin Hausa a bakin masu dako da masu shayi. Muka kutsa har wani lungu a bayan kasuwar, inda garejin wani dattijo Bakano yake.

Na ce masa, "Baba, giya nake tsoro, an ce gyaranta da tsada." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, giya aljihu take ci. Birki kuwa rai yake ci. Amma bari mu fara da abin da kake tsoro."

Motar mai canja giya da kanta ce. Injin na aiki, ya zaro sandar auna man giya, ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina. Ya ce lafiyayyen mai ja-ja yake, garau. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki, to giyar ta sha wuya. Namu ya ɗan yi duhu, amma ba ya wari. Ya taka birki, ya sa D, ya dawo ya sa R. Ya ce ya kamata ta kama nan take, ba jinkiri, ba bugu. Muka fita titi. Ya ce in kasa kunne: idan aka taka totur injin ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba, giya na zamewa ke nan, haka idan tana fizga wajen canji. Ya ƙara da cewa a gwada mota da sanyinta, a kuma gwada bayan ta yi zafi, domin wata cutar ba ta fitowa sai an yi nisa. Tamu dai ta ci jarrabawa, canjin mai kawai take so.

Har na fara murna, sai ya sami wurin da ba kowa ya taka birki da ƙarfi. Sitiyari ya hau rawa a hannunsa, motar ta ja gefen dama. Bai ce uffan ba har muka koma gareji.

Can ya kashe injin, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya nuna mini fitilun gaban direba. Ya ce fitilar ABS kan kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Tamu ba ta kama ba sam. Da aka buɗe, ashe an cire ƙwan ne. Ya sa ni na danne birki na riƙe, sai na ji ƙafata tana nutsewa a hankali. Ya ce wannan alama ce ta yoyo, ko famfon birkin ya gaji. Birkin da ya yi laushi kamar soso kuwa, sau da yawa iska ce ta shiga layin.

Aka ɗaga motar aka cire tayoyi. Takalmin birkin hagu ya cinye, bai kai kaurin milimita 3 ba, faifan kuma ya yi kwari-kwari, shi ne dalilin rawar sitiyari. Maƙallin da ke matse takalmin ma ya cije, shi ya sa take jan gefe. Sai ya haska mini tocila a ƙarƙashi. Siririn bututun da ke kai man birki baya ya yi tsatsa, wani wuri har ya jiƙe. Ya ce a ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen. Na tuna gangaren Okene da tireloli, na tuna yara uku a kujerar baya, jikina ya yi sanyi.

Muka koma cikin kasuwa sayen kaya. Kowane abu iri-iri ne: akwai sabo, akwai tokunbo, akwai jabu a kwali mai kyau. Baba ya ce ƙofa ko fitila a sayi ta hannu ba laifi, amma takalmin birki da bututu sai sabo. Man birki kuma a duba murfin tankinsa, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, a sayi wanda ba a ɓalle hatiminsa ba. Yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake son canja shi kamar duk shekara 2.

Mai motar ya rage kuɗin gyaran daga farashi. Da la'asar muka gwada ta har Kara, wajen kasuwar shanu, ta tsaya cak a miƙe. Na isa Agege bayan Magariba, rigata duk baƙin mai. Uwargida ta dube ni ta ce, "Yanzu ka sayi mota."