Birkin Aro a Ƙafar Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya tashi a Jos ya san cewa garin a kan tudu yake, kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka mai barin garin ya nufi Akwanga gangara ce a gabansa. Bayan an wuce Bukuru da Riyom sai a iso Hawan Kibo, inda hanya ke murɗewa tana sauka, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin mota. Mai karatu zai gane ke nan dalilin da ya sa maganar birki a gidanmu ba ƙaramar magana ba ce, musamman da yake motar mahaifina ta girme ni nesa ba kusa ba.

Motar Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin PAN da ke Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, wato shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta. Tamu salun ce, irin mai faifan birki a ƙafafu huɗu, saɓanin wagon da a-kori-kura waɗanda birkinsu na baya ganga ne. Faifan yana juyawa tare da taya, sannan akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke rungume da gefensa. Idan direba ya taka birki, man birki ya tura fistan da ke cikin ƙarfen, shi kuma ya matse faifan tsakanin fad guda biyu. Wannan ƙarfe shi kanikawa ke kira kalifa. Ranar da na fara jin sunan na ɗauka halifa aka ce, har na yi mamakin me ya kawo shi ƙarƙashin mota.

Kalifar hagu ta baya ce ta maƙale, saura mako uku bikin yayata a Akwanga. Tsatsa ta cinye fistan, robar da ke tare mai ta yage, taya na ɗaukar zafi har ba a iya dafa ta. Ni Baba ya aika Dilimi, layin masu sayar da safaya, domin a cewarsa ɗan da ke karanta Hausa a jami'a ba za a cuce shi a ciniki ba. Na zaga shago ya fi goma, babu sabuwar ta 504, tsofaffin da na gani kuwa ba su fi tamu lafiya ba. Abin da kowa ya miƙo mini shi ne ta 505, 'yar Beljiyam, wato wadda aka ciro daga tsohuwar mota a Turai. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin 505 da ta fito a 1979 ta gaji abubuwa da dama na ƙarƙashin 504. Kalma ɗaya ce a bakinsu duka: zai shiga.

Bakanikenmu a Farin Gada dattijo ne wanda ya koyi aiki a kan Fijo tun yana yaro. Da na kai masa ɗaya ya gani, tare da Baba, sai ya juya ta a hannu ya ce, "Ɗan jami'a, shiga daban, kamawa daban. Ko ƙafar yaro ai tana shiga takalmin ubansa." Sannan ya dubi Baba ya ce biyu za a saya, ba ɗaya ba. Baba ya ce, "Haba Oga, ta dama ai lafiyarta ƙalau." Kuɗin fansho ne, ga biki a gaba, kuma na ga ran Baba bai so ba. Oga ya ce, "Baba, in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kamawa, motar za ta ja ka gefe. A Hawan Kibo ina ne gefe?" Baba bai sake cewa komai ba, ya ƙirga kuɗin ta biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da Oga ya ɓata yana awo kafin ya taɓa sifana. Ya auna tazarar ramukan ƙusoshi, ya auna kaurin faifai, ya duba ko fad zai kwanta a kan fuskar faifan gaba ɗaya ba tare da ya leƙa waje ba, sannan ya auna faɗin fistan ya gwada da na tsohuwar. Bai yi boko mai nisa ba, amma lissafin da yake yi a ka daidai yake da na littafi. Alal misali, idan aka cire fistan mai faɗin milimita 40 aka sa mai 44, ƙarin faɗin kashi 10 cikin ɗari ne kawai, amma fuskar da mai ke turawa ta ƙaru da kashi 21. Wani zai ce ai wannan riba ce, birki ya ƙara ƙarfi. To ba haka abin yake ba. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, baya ya yi sakayau, shi ya sa ƙafafun gaba ne ke yin mafi yawan aikin. Idan birkin baya ya yi ƙarfi fiye da kima, tayoyin baya za su riga na gaba kullewa, bayan motar ya zame ya juyo. Bugu da ƙari babban fistan ya fi shan mai, sai feda ta riƙa nutsewa ƙasa kafin birki ya kama. Hasali ma saboda wannan ne kamfani ya sa wani ɗan bawul a ƙarƙashin motar, wanda ke rage ƙarfin man da ke zuwa baya gwargwadon nauyin da aka ɗora mata. Oga ya ce yara da yawa cire shi suke yi su haɗa bututu kai tsaye. Shi kuwa wanke shi ya yi, ya shafa masa giris ya mayar.

A nan sai na tuna darasinmu na aron kalmomi. Ita kanta kalmar birki aro ce daga Ingilishi, inda take da gaɓa ɗaya. Bahaushe bai ɗauke ta yadda take ba, sai da ya raba baƙaƙen farko da wasali, ya kuma ƙara mata wani a ƙarshe, kafin ta zauna a bakinsa. Na faɗa wa Oga haka, ya yi dariya ya ce in miƙo masa sifana.

Wayar birkin hannu ta ɗan ba shi wahala, domin a irin wannan mota a jikin kalifa take kamawa, sai da ya yi ta sassautawa yana ɗaurewa kafin ƙafafun biyu suka kama tare. Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: ƙaramar ƙusar da ake kwancewa a fitar da iska dole ta kasance a sama. Idan aka sa kalifar dama a hagu, ramuka za su iya dacewa, amma ƙusar ta koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, don haka ko an wuni ana fitarwa feda ba za ta yi tauri ba. Ni aka zaunar a kujerar direba, yana ƙarƙashi yana kira, "Taka! Riƙe! Saki!" har ƙafata ta gaji. Tsohon man ya fito baƙi ƙirin. Man birki yana zuƙar danshi, kuma irin wanda ake kira DOT 4, da ke jure zafin digiri 230 yana sabo, kan iya tafasa a wajen 155 idan ya sha ruwa. A doguwar gangara wannan bambanci ne ke sa feda ta tafi ƙasa ba tare da ta riƙe komai ba.

Ni dai ban ga laifin sa wa tsohuwar mota kayan wata ba. Da ba don haka ba, da Fijon da ke jigilar mutane da dankali a ƙauyukan Filato sun daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai tsayawa a kan zai shiga, domin mai shago ba ya cikin motar ranar da za a gangara.

Da yamma Oga ya kai motar wani fili mai jar ƙasa, ya ɗan yi gudu ya taka birki da ƙarfi sau uku, kowane karo ya fito ya duƙa yana karanta sawun tayoyi. Na gaba ne suka fara ja, sawun ya tafi a miƙe. Ranar tafiya mu shida ne a ciki, ga kayan amarya a but. Baba ya sa giya ta biyu tun daga saman Hawan Kibo, yana taka birki kaɗan-kaɗan yana saki, Mama kuma tana addu'a a hankali. Da muka sauka ya tsaya a gefen hanya, ya zagaya ya dafa tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, ya ce da ɗumi amma babu zafi, sannan ya aike ni in sayo ayaba.